Mai Zaki da Fuskar Ɗan Dako

Kullum da safe, kafin tasha ta cika da hayaƙi, Baba Mai Zaki yakan buɗe rumfarsa, ya yi shara, ya jera gwangwanayen fenti a kan benci. Sai ya zuba kananzir a wani tsohon kwano ya wanke buroshi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda bai taɓa ba jiya. Daga tagar ofishinmu nake hango shi. In ya gama ya zauna, ba mai zuwa. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, don likita ya ce rawar hannunsa ba mai warkewa ba ce. Shi ya sa na ce bari in yi magana tun yana ji, tunda mu ba mu iya yabon mutum ba sai an rufe shi da ƙasa.

Ga wanda bai san shi ba, Baba mai zanen bayan manyan motoci ne. Sama da shekara talatin zaki ɗaya yake zanawa, baki buɗe, geza ja, ido jajir. A wancan lokacin direbobi layi suke yi masa. Yana zane yana hira, ko kallon hannunsa ba ya yi. Da ya tsaya a nan, da har yau yana cin abincinsa hankali kwance.

Sai wata rana wani ɗan dako da ake kira Dogo ya faɗi ƙarƙashin buhu, bai sake tashi ba. Bayan wani lokaci matarsa ta zo rumfar da jaririya a goye.

Ta ce, "Baba, mijina bai bar hoto ko ɗaya ba. Kai ka san shi, kullum nan yake hutawa. Don Allah ka zana min shi, yarinyar nan ta san ubanta."

Ya ce, "Ƴata, ni ban taɓa zana mutum ba."

Ta ce, "To wa zan roƙa?"

Ya karɓi aikin. Da ya gama ta zo ta tsaya gaban allon. Ga wuyan Dogo, ga hularsa, amma ido na zaki ne, hanci na zaki, har gemun ya tashi kamar geza. Hannun ya yi abin da ya saba. Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Baba, amma wannan ba mijina ba ne." Ta gyara goyonta ta tafi.

Tun daga ranar bai sake zana zaki ba. Ya riƙa zaunar da ƴan dako a kan benci, yana saya musu shayi, yana koyon fuska kamar ɗan koyo, shi da furfura ta cika wa kai. Abokan sana'arsa kuwa sun samu abin dariya. In sun zo wucewa sai su ce, "Baba, yau wa ka mayar kura?" Su da har yau tsuntsu ɗaya da bishiya ɗaya suke maimaitawa, ko kunya babu! Matarsa ma ta gaji, ta ce, "Malam, zakin nan shi ya aurar maka da ƴaƴa." Ya ce, "Na sani. Amma mace ta roƙe ni fuskar mijinta, na miƙa mata dabba."

Direbobi suka gaji da jira. Wani mai injin buga hoto ya ɗauki hoton zakin Baba a bayan wata mota, ya shiga buga shi a sitika yana sayarwa a bakin tashar nan, ko sannu bai zo ya yi masa ba. Wallahi duk sanda na ga sitikar nan raina ɓaci yake yi.

Zane na biyu ya fito. Ƴan dako suka tsaya tsallaken titi suna ihu, "Dogo ne! Wallahi Dogo ne!" Aka kai wa matar, kowa na murna. Washegari ta dawo da shi. Ashe zanen mota don wanda yake binta a baya ake yin sa, daga nesa, layi mai kauri, fenti guda-guda. Ita kuwa ɗaki ɗaya gare ta, daga gado zuwa bango taku kaɗan ne. Ta ce, "Baba, a ɗakina ba fuska nake gani ba, dabbare-dabbaren fenti ne kawai."

Da wani ne, da nan zai ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ba kuma mai ganin laifinsa. Baba ya ajiye manyan buroshinsa, ya sayi siraran da bai taɓa riƙewa ba, ya sake komawa farko. A lokacin ne hannun ya fara rawa. Na sha ganinsa ya tallafe na dama da na hagu, ya riƙe numfashi, don ya ja layin fatar ido guda ɗaya.

Baba, kai ne ka bar abin da ka fi kowa iyawa ka koma inda kowa ya fi ka. Kai ne aka yi wa dariya a tashar da aka taɓa yi maka layi, ba ka rama ba, ba ka kuma koma wa zaki ba. Jarumin masu buroshi, na jinjina maka.

Makon jiya ya gama na ukun, ƙaramin allo da bai wuce faranti ba. Ni na riƙe masa muka je gidan matar Dogo, don kada ya suɓuce masa. Yarinyar da aka zo da ita a goye ita ta yi mana iso, sanye da kayan makaranta. Uwar ta karɓi allon, ta kai shi bakin taga, ta daɗe tana kallo. Baba na zaune, hannunsa na karkarwa a kan gwiwa.

Ya ce, "Ƴata, shi ne?"

Hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Baba, ka yafe min. Wallahi na manta yadda fuskarsa take."

Ban taɓa jin maganar da ta yi min ɗaci irin wannan ba. Mutumin nan ya ba da kasuwarsa, ya ba da sauran ƙarfin hannunsa, kuma mutum ɗaya da za ta ce masa ya dace ko bai dace ba, shekaru sun shafe mata abin. Na kasa kallonsa.

Yarinyar ta matso ta ce, "Umma, wane ne wannan?"

Uwar ta share ido da bakin mayafi, ta miƙa mata allon. Ta ce, "Babanki ne. Riƙe da kyau."

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lada, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu zane, masu waƙa, masu ɗinki, da mu masu alƙalami, da muka samu abu ɗaya da ake tafa mana muka kwanta a kai, ku je rumfar nan kafin a rufe ta, ku gaishe shi, ku koma ku gwada abin da kuke tsoron za a yi muku dariya a kansa. Ba na yi muku alkawarin za a gode muku. Shi ma a hanyarmu ta dawowa abu ɗaya ya tambaye ni, har sau biyu, ko ina ganin kunnen hagun da ya zana bai yi girma ba.