Harafin da Enoch Tranter Ya Rubuta Daidai

Shekara talatin da huɗu Enoch Tranter ya yi yana sassaƙa hatimin ƙarfe a masana'antarmu ta Birmingham, inda ake buga lambobin yabo. Ni ke kula da injin tururin da ke buga su, kuma shi ya haɗa injin da hannunsa. Mutum ne mai baƙin rai, ko gaisuwa sai ya ga dama. Amma hannu kam, Allah ya ba shi.

Aikinsa a juye ake yinsa: duk harafin da ke kan hatimi baibai ake yanka shi, don ya fito daidai a jikin lambar. Har sunansa a juye yake rubutawa idan ya sha'afa.

Da idonsa ya fara hazo, Mista Gadsby manaja ya sa masa ido. Enoch ya san kuskure ɗaya ya ishe su su sallame shi, kuma bayan sallama sai gidan gajiyayyu.

Ana cikin haka matarsa Susannah ta rasu. Ya ƙi yarda wani ya rubuta mata dutsen kabari. Kwana tara ya yi a kan dutsen, yana tilasta wa hannunsa rubutu irin na kowa. Ya dawo aiki, aka miƙa masa hatimin wata lambar makaranta.

Sai da na buga ɗari shida sannan Gadsby ya shigo da guda a hannu.

"Tranter, zo ka karanta mini wannan. Ko ni ne na makance?"

Harafin S ya juya baya. A kan hatimin Enoch ya yanka shi daidai, kamar yadda ya yanka a dutsen.

"Yallaɓai, harafi ɗaya ne."

"Ɗaya sau ɗari shida, tsoho. Ɗauki guduma."

A al'adarmu wanda ya ɓata hatimi shi ke fasa shi. Ya fasa. Aka sallame shi. Har yau ina jin haushin yadda muka tsaya muna kallo.

Da sanyi ya shigo na je ganinsa a gidan gajiyayyu. Sun ba shi tsohuwar igiyar jirgin ruwa yana warwarewa, yatsunsa duk sun tsage. Bai gane ni ba sai da na yi magana.

"Jabez, kai ne? Har yanzu kana azabtar mini da inji?"

"Yana nan lafiya."

Ya ci gaba da warware igiyar.

"Ka dai duba harafin kafin a narkar da lambobin? Ya yi kyau?"

Ban duba ba. Na ce masa ya yi kyau.