Ranar da Injin Matsar Gyaɗa Ya Iso

Ana sauke sabon injin matsar gyaɗa a wurin aikinmu a Magarya, sai na ga Inna Talatu, wadda ta tsufa tana matsar mai da hannu, ta ɗaure ƙunshinta.

Shugabarmu Hajiya Rabi ta tare ta a ƙofa. "Inna, ina zuwa?"

"Gida, 'yata. Inji ya zo, me tsohuwa za ta tsinana?"

"Wallahi ba za a kunna shi ba sai kin iya shi."

Dillalai na jiran mai, amma Hajiya ta tsaya da kanta tana koya mata har ta gane. Yau Inna ke koya wa sababbin ma'aikata.

Ku fa, kun taɓa aiki da shugaba irin wannan?