Shekarar da Kakannina Suka Yi Gardamar Mala'ika

Shekaranjiya ina tsaye bakin titi ina jiran mai babur, sai wata babbar mota ta wuce shaƙe da auduga. Iska ta fizgo kaɗan ta watsa a gefen hanya, wani ɗan guntu ya maƙale a zanena. Na cire shi na murza a yatsuna, har da angurya a ciki. Idan a Garwa ka tashi, ka san wannan lokacin. Damina ta tafi, kogin Binuwai ya ja da baya ya bar yashi, safiya da sanyi, rana kuma ba ta wasa, motocin auduga suna ta shigowa daga ƙauyuka. Mu yaran majami'a, ganin audugar nan ne ke gaya mana Kirsimeti ya matso, Nowel kamar yadda muke cewa a lekol, wato makarantar boko.

A hannun kakannina na girma. Iyayena suna Yagwa, inda mahaifina ke aikin shinkafa, aka bar ni a Garwa saboda karatu. Kakana namiji, Baba Tsoho muke ce masa. Dogo ne, siriri, kafinta, kuma dattijon ikilisiya. Yawancin bencinan majami'armu aikin hannunsa ne. Da ƙuruciyarsa ya ƙetara Najeriya, can ya koyi sana'a, can kuma ya koyi karatun Hausa. Kaka kuwa gajeruwa ce mai faɗin dariya, tana soya gyaɗa da ƙuli-ƙuli tana kaiwa kasuwa. Dukansu daga duwatsu suka sauko, amma ba dutse ɗaya ba, kuma ba sa jin yaren juna. Da Hausa ya nemi aurenta a kasuwa, da Hausa suke faɗa, da ita suke shiryawa, har suka tsufa.

A shekarar da nake ba ka labari ban wuce shekara goma ba. Yaron da ya saba fitowa a matsayin mala'ika a wasan Kirsimeti, muryarsa ta fashe, ya koma yana magana kamar zakaran da ke koyon cara. Malamar da ke koya mana waƙa ta duba mu duka, ta nuna ni. Ni ce zan tsaya a kan benci in kai wa makiyaya albishir. Da gudu na isa gida, takalmi a hannu.

Kaka ta rangaɗa guɗa. Nan take ta fara lissafin abin da za a nema don yi mini fukafukai: kwali daga kantin maƙwabta, audugar bakin hanya, da kullun rogo na liƙawa. Baba Tsoho yana ƙarƙashin darbejiya yana gyaran ƙafar wata kujera. Ya ajiye guduma.

"Amaryata," haka yake kirana da wasan kakanni, "wa ya ce za ki zama mala'ika?"

"Malama ce, Baba Tsoho."

"Mala'ika namiji ne. Ki koma ki ce ta sa ki cikin masu waƙa."

Kaka ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu. "Maigida, ka taɓa ganinsa ne?"

"Na karanta," in ji shi.

Ya shiga ɗaki ya fito da Littafi Mai Tsarki, mai baƙin bango wanda gefensa ya yi laushi don yawan buɗewa. Ya riƙa bin layi da yatsa yana nuna mata, ko da yake ya san ba ta karatu. Ko'ina ya buɗe, mala'ika ya zo, mala'ika ya ce. Babu inda aka ce ta zo. Waɗanda aka faɗi sunansu ma, sunan maza ne.

Kaka ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "A sujadar Fillanci, o wi'i suke cewa, ko ya ce ko ta ce. Kai ma o wi'i, ni ma o wi'i. Bafillace bai raba mace da namiji a bakinsa ba. Ko Allah da Hausa kaɗai yake magana?"

Baba Tsoho ya yi gyaran murya. Amma bai sauka ba. Ya tuna mata cewa matan da suka je kabarin Ubangiji da sassafe, kamannin maza suka gani cikin fararen tufafi. A nan sai Kaka ta koma madafa tana cewa gyaɗarta za ta ƙone.

Kada ka ɗauka wasa ne. Baba Tsoho mutum ne mai tsoron ƙara ko wasali a kan abin da aka rubuta, kuma ya ce zai kai maganar gaban dattawa. Na san in ya kai, an gama, domin ba a cika tsallake maganarsa ba. Fukafukan da muka fara liƙawa suka zauna rataye a bango, ɗaya da auduga, ɗaya kwali tsirara. Ina dawowa daga lekol sai in tsaya in kalle su. Kaka takan ajiye masa tuwo da miyar yakuwa a gindin darbejiya ta juya, ba sannu ba komai. Shi kuma ya ci ya rufe kwano, ba madalla. Gidan ya yi shiru, sai ƙarar zarto da ta turmi, kowa yana huce haushinsa a kan aikinsa.

Ran Lahadi bayan sujada, Fasto ya biyo mu gida, don maganar ta kai kunnensa. Matashi ne a lokacin, bai daɗe da zuwa daga garin Tinyer ba, kuma yana jin nauyin Baba Tsoho ƙwarai. Ya zauna a benci, Kaka ta kawo masa kunun gyaɗa, ya sha a hankali yana sauraron kowa. Ni ina zaune kusa da Kaka.

"Baba, abin da ka karanta haka yake," in ji shi. "Duk inda suka bayyana, da kamannin maza aka gan su. Amma su ruhohi ne, ba su da jiki irin namu. Kamannin nan kamar riga ce da ɗan aike ke sawa don kada wanda aka aike shi gare shi ya gudu."

Sai ya tuna musu da mutanen da suka zo su gwada Ubangiji da labarin matar da ta auri 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana mutuwa, suka tambaya matar wa za ta zama a ranar tashin matattu. Amsar da aka ba su ita ce a can ba a aure, ba a aurarwa, mutane za su zama kamar mala'iku. Fasto ya ce a ganinsa, inda babu aure babu haihuwa, zancen namiji da mace irin namu bai taso ba. Ya ƙara da cewa akwai abin da ba a gaya mana ba, kuma ba laifi ba ne mutum ya ce bai sani ba. Yarinya dai ba mala'ika za ta zama ba, saƙonsa za ta faɗa, kuma albishir ba ya lalacewa a bakin mace.

Na zuba wa Baba Tsoho ido, ina jiran ya buɗe wani shafin. Bai buɗe ba. Sai ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Fasto, wato a can ba matata ba ce?"

Ya sha karanta wurin, amma kullum yana ɗauka zancen waccan matar ne da mazajenta. Ranar ce ya ji maganar ta shigo gidansa.

Kaka ta kwashe da dariya. "Godiya ga Allah! Ashe akwai ranar da zan huta da tuƙa maka tuwo."

Shi bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya yi wa Fasto godiya, ya shige rumfar aikinsa. Dariyar Kaka ta tsaya a rabi. Ta bi bayansa da kallo, ta shiga tattara kofuna, ko da yake Fasto bai gama shan kununsa ba.

Kwanaki suka wuce, bai kai maganar gaban dattawa ba. Wata safiya da sanyi na fito wanke fuska, na tarar ya sauke fukafukan ya warware su. Na buɗe baki zan yi kuka. Ya ce kwali kaɗai ba zai tsaya ba, kafin in gama magana zai lanƙwashe kamar kunnen akuya. Ya tsaga gora sirara-sirara, ya ɗaure ta da zare, ya yi musu ƙashi, marar nauyi kamar ba komai. Yana gwada mini su a baya ya ce, "Ki ɗaga murya. Mala'ika ba ya raɗa."

Ranar Kirsimeti da hantsi majami'a ta cika har waje. Na hau benci cikin farin zanen Kaka. Makiyaya, 'yan ajinmu, suka zube ƙasa da sandunansu, ɗan ragon da suka aro ya fizge ya nufi wajen mata. Na ɗaga murya kamar yadda aka ce mini, na gaya musu su bar jin tsoro, an haifi Mai Ceto. Auduga na ta fita daga bayana tana yawo a iska, wani jariri ya yi atishawa, jama'a suka yi dariya. Baba Tsoho yana bencin gaba, leɓunansa na motsi, yana bin kalmomin tare da ni.

Abin da ya fi zauna mini a rai bayan mun dawo gida ne ya faru. An dafa shinkafa da kifi, Kaka ta kai masa nasa gindin darbejiya kamar kullum, ta koma ƙofar madafa inda take cin nata. Sai ga shi ya taso da kwanonsa. Ya jawo turmi ya kifa ya zauna, ya juye abincinsa a cikin nata.

"Matsa," in ji shi.

"Maigida, lafiya?"

"Tunda an ce a can babu, bari in ci rabona a nan."

Kaka ta rufe fuska da gefen zane kamar budurwa. Amma ta matsa.

Daga ranar a kwano ɗaya suke ci, abin da ba a saba gani ba a wurin mutanen zamaninsu. Ran kasuwa shi ke ɗaukar mata buhun gyaɗa a kekensa, yana turawa tana biye. Hajiyar da ke maƙwabtaka da mu, mai sayar da atamfa, ta tare shi wata rana tana dariya. "Malam, sabon aure aka ɗaura ba a gayyace mu ba?"

"Tsohon ne nake gyarawa, Hajiya," in ji shi.

Ba su daina gardama ba, kada ka yi zato. Sun ci gaba a kan gishirin miya, da ranar shuka, da wanda ya bar ƙofa a buɗe kaji suka shiga.

Kaka ce ta riga shi tafiya, cikin wata damina, lokacin na yi aure har da goyo. Bayan an watse daga zaman makoki na tambaye shi ko maganar nan tana damunsa har yanzu. Ya girgiza kai. "Na daina neman mata a can, amaryata. Wanda ya ba ni ita a nan ya fi ni sanin abin da ya ajiye. Ni dai a zaunar da ni inda zan ji muryarta, ko da gardama take yi."

Yau gidan ya zama na bulo, an sare darbejiyar, inda rumfar aikinsa take a da, wani yaro ke cajin wayoyi. A majami'armu 'yan mata sun fi yawa cikin masu fitowa mala'ika, da fukafukan roba na kasuwa, kuma ba wanda ke ɗaga gira. Idan yaran da nake koya wa waƙa suka tambaye ni ko mala'ika namiji ne ko mace, amsar Fasto nake ba su, har da wurin da ya ce ba mu sani ba. Suna karɓa su wuce, ba ta hana kowa cin tuwo.

Ni da maigidana a kwano ɗaya muke ci. 'Ya'yanmu suna tsammanin haka duniya take tun asali, ni kuwa ban ce musu a'a ba.