Malam Sallau da Karkataccen Rumbu

Har gobe, da gari ya waye Malam Sallau zai buɗe 'yar rumfarsa ta bakin tashar Talata Mafara, ya jera gwangwanayen fenti, ya wanke burushi da kananzir, ko akwai aiki ko babu. Hannu ya fara rawa, ido ya yi rauni, 'ya'yansa sun matsa masa ya huta. Bai kamata a bari ya rufe rumfar nan shiru ba.

Duk wanda ya tashi tsakanin Mafara da Bakura ya ga aikinsa, ko bai san sunansa ba. Shi ya zana zakunan da ke bayan motocin albasa. Shi ya yi wa mahauta allo da bajimin sa mai tozo kamar tulu, irin wanda ba a taɓa yankawa a kasuwar ba. Da aikin dam ɗin Bakolori ya kankama, gari ya cika da baƙi, mai shayi da mai faci kowa allo yake so, Sallau ko tuwo a tsaye yake ci. Halinsa guda ne, duk abin da ya zana sai ya ƙara masa kyau. Mai shago dai ba ya son a nuna wa duniya ramammiyar kaza.

A shekarun nan ne wata tsohuwa, Inna Nagode, ta aika masa daga wani ƙauye na ƙasar Maradun da ruwa zai shafe. Tsoronta ɗaya, kada jikokinta su tashi ba su san gidan da marigayi mijinta ya gina ba. Sallau ya je ya dubi gidan, ya dawo ya zana shi a kan katako. Kafin ya kai mata zanen a sabon mazauninsu, ruwa ya riga ya rufe ƙauyen.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, wanga gidan wa na?"

"Naku na, Inna."

"A'a. Rumbunmu karkace yake, don ruwan sama ya same shi bai bushe ba. Katangag gabas da tsaga gare ta. Kai gyara muna gida ka yi, ni ko wanda nis sani nika so."

Kunya ta kama Sallau. Hannun da ya saba ƙawata allunan kasuwa ya miƙar da rumbu, ya toshe tsaga, ga shi babu sauran inda za a koma a duba, sai abin da ke zuciyar tsohuwar. Ya bar rumfa da masu jiransa, ya zauna a ƙofar bukkarta. Tana faɗa yana shafewa yana sakewa. "Ƙara kwantad da shi," in ji ta, sai ya ƙara. Ran da aka gama ta shafa rumbun da yatsa, hawaye ya zubo mata. Ta juya ga jaririyar jikarta ta ce, "Taiba, nan anka haihi ubanki."

Malam Sallau, kai ne ka yi wa rabin garin nan ado, kai ne kuma ka yarda ka ɓata kyan aikinka don tsohuwa ta gane gidanta. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ka huta lafiya. Ku kuma samarin da ke buga alluna da inji, ku leƙa rumfar nan kafin ta rufe, ku koyi sauraron wanda ya kawo muku aiki.

Inna Nagode ta daɗe da rasuwa. Taiba yau tana da nata jikokin, ba ta taɓa taka gidan nan ba, amma in ka tambaye ta za ta gaya maka ta wane gefe rumbun kakanta ya karkata.