Ranar da Hambali Ya Rufe Guruf

Malam Hambali tela ne a Durun, amma ba ɗinki ne ya sa aka san shi daga Kabo har Gwarzo ba. Ɗinkin nasa ma, Allah na tuba, sau da yawa wuyan riga a karkace yake fitowa. Abin da ya iya shi ne kai labarin mutuwa. Tun yana saurayi, in an yi rashi a dangi shi ake ɗorawa a keke. Ba ya faɗa daga tsaye. Sai ya cire takalmi, ya zauna, ya gaisa a tsanake, ya sa a kira wani babba ya zauna kusa da wanda za a gaya wa, sannan ya ce, "Jikin wane ya yi tsanani." Sauran maganar a hankali take zuwa.

Da 'yan bokon dangi suka buɗe guruf a WhatsApp, sai suka ba shi shugabanci don girmamawa. Ba ya rubutu, saƙon murya yake yi, kuma sai ya tambayi gajiya da iyali da damina kafin ya zo kan magana, har matasa suka koyi tsallake rabin farko. Wannan bai dame shi ba. Abin da ke tayar masa da jijiyar wuya shi ne a watsa rasuwa, har da hoto, kafin makusanta su ji.

"Baba, mai ya yi tsada," in ji su. "Wa zai tafi har Sabon Birni saboda magana ɗaya?"

Gaskiya suka faɗa, don shi ma babur ɗinsa ya fi zama a zaure. Amma sai ya ce, "Shari'a ta ce a suturta mamaci, ku kuma kuna yawo da shi a aljihu."

Wata safiya aka kira shi daga Kano: Musbahu, ɗan yayarsa Marka ta Unguwar Tudu, ya faɗo daga kan gini, rai ya yi halinsa. Ba rashin kaɗai ne ya tayar wa Hambali da hankali ba. Marka na fama da hawan jini, ba ta karatu, amma duk saƙon muryar da ya shigo guruf sai ta danna, ko za ta ji muryar ɗanta.

Nan take ya rufe guruf ɗin yadda ba mai iya tura komai sai shi. Ya kira Furera, maƙwabciyar Marka, ya ce, "Ki shiga ki zauna da ita, ki karɓe wayarta ki ce za ki sa mata caji." Ya fito da babur, ya sha mai, ya kama hanya. Wayarsa na ta kuka a aljihu, masu son sanarwa suna neman a buɗe musu, bai ko waiwaye ta ba.

Ya tarar da Marka tana ɓarar gyaɗa, Furera na gefe. Ya cire takalmi ya zauna. Suka gaisa har ƙarshe, ba su tsallake komai ba.

"Hambali," in ji Marka, "tun safe wayar nan ta yi shiru. Furera ta bar aikinta ta zo ta tsare ni. Ga ka kuma ka cire takalmi."

"Yaya, jikin Musbahu ne ya yi tsanani."

Ta ture farantin gyaɗar, ta kama hannunsa ta riƙe gam. "Ƙarasa. Gara in ji daga bakinka."

Ya buɗe baki, sai hawaye. Shi da ya kai wannan labari gidajen da ba sa ƙirguwa, ranar nan ya kasa.

Marka ce ta ƙarasa masa. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce, ba ta saki hannunsa ba.