Ƙirgan Babura da Kunne

Jiya a kasuwar hatsi ta Kaura na ji babura sun shigo a jere, sai na tsinci kaina ina ƙirga su da kunne. Gadon Kawu ne.

Shi ne kansilan ƙauyukanmu na bayan gari. Ranar da majalisa ta ce a sare dawar bakin hanya, saboda 'yan bindiga na ɓuya cikinta, ni na goya shi a babur ya kai saƙon wajen Moriki. Muna shiga tsakanin gonaki ya dafa ni, tafinsa da sanyi.

"Kashe injin. Nawa kaj ji?"

"Uku, Kawu."

"Sake saurare."

Ganyen dawa na kaɗawa. Na ji na huɗu, na ji na goma. Muka tura babur cikin dawa, muka kwanta rub da ciki, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a hancina, har baburan 'yan bindigar suka wuce. Kawu ya miƙe, ya kakkaɓe takardar majalisa, ya ce mu ƙarasa, mutane na jira.

Allah Ya ji ƙanka, Kawu, Ya kwantar da kai inda ba a kasa kunne.