Kifi Mai Kunya

A bakin ruwa aka haife ni, can wajen Wara. Masunci na aura, na tsufa ina ƙyafe tarwaɗa da karfasa, amma ban taɓa jin an sayo wa kifi abinci ba sai da ɗana ya dawo daga Ikko da akwatin gilashi, ya girka shi a falonsa nan Yauri. Wai kifayen teku ne, ruwan koginmu bai yi musu ba, sai an dama musu wani gishiri na daban. Na leƙa na gan su, su uku. In an haɗa su duka ba su ba miya ƙanshi.

Biyu shuɗɗa ne, masu rawar kai. Na ukun siriri ne mai zane, shi jikata ta ce nata ne. Da an barbaɗa abinci sai shuɗɗan su taso su wawashe, shi kuwa ya shige bayan dutse ya leƙo da ido ɗaya. Cikinsa ya fara lotsawa, yarinyar ta daina cin tuwonta da daɗi.

Na ce mata ta kwantar da hankali, kifinta ɗan gidan mutunci ne, kunya gare shi. A wurinmu suruki ba ya cin abinci ana kallonsa. Ajiye masa ake yi, a ja ƙofa, a ba shi wuri. Haka muka yi. Kullum sai mu zuba abinci da yawa, in lulluɓe akwatin da zanena, mu fita tsakar gida mu zauna. In muka dawo babu ko ƙwaya.

"Kin gani ko?" in ji ni. "Ya ci."

"Kaka, to me ya sa waɗancan ne ke ƙiba?"

Na ce yaro bai san al'ada ba.

Da ƙashin bayan siririn ya fara nunawa, ubanta ya kira wanda ya sayar masa da kifayen a waya. Mutumin ya ce ai irin waɗannan ba a haɗa su wuri ɗaya, kowa ya sani. Shi ne fa ya ƙulla su a leda guda ya miƙo. Ya ƙara da cewa yana da wani akwatin na sayarwa.

Ɗana bai saya ba. Ya samo guntun tsohon taru wurin maƙwabcinmu, ya raba akwatin biyu, shuɗɗan a gefe, siririn a gefe. Sannu a hankali ya fito daga bayan dutse, ya ci, ya murmure, zanensa ya fito raɗau. Jikata ta koma cin tuwonta.

Daga baya ta ce kaɗaici zai dame shi, aka kawo masa wani ɗan ƙarami aka saka a gefensa. Ranar da aka fara zuba musu abinci ina zaune ina kallo. Mai kunyar nan ya bi baƙon da cizo har bayan dutse, ya dawo ya share abincin tas, ya tsaya a bakin ramin yana gadi.

Jikata ta juyo ta dube ni.

"Kaka, a samo wani guntun tarun?"

Na ce a samo.